Jirgin da Ba Ya Gaisuwa

Ƙarfe huɗu da kwata a Mehamn,
rana ta yi wata guda ba ta leƙo mu ba.
Ni kaɗai a hasumiya, da butar gahawa,
iskar teku na dukan gilashi kamar mai bin bashi.

Shekara goma sha tara
muryar Aslak ke riga fitilunsa isowa:
"Gunvor, kin share mini hanya
ko in sauko da tsintsiya?"
Ya dire jirgi kamar mai ajiye ƙwai a faranti,
ya hauro bene, takalmi duk ƙanƙara,
ya shanye mini gahawa
sannan ya ce ba ta yi daɗi ba.
Ido ba mudu ba, in ji shi, amma ya san ƙima.
Idon ne likita ya auna bara, ya karɓe lasin.

Yanzu lamba ce ke zuwa,
ɗigo kore yana rarrafe a allo.
A cikinsa akwai maganin ciwon suga na asibiti,
da famfon injin kwalekwalen Isak Ravna
da ya kwana tara a ɗaure,
batura, wasiƙu, tabarau na wata tsohuwa.
A gabansa ba taga.
Inda fuska za ta zauna, farin fenti aka shafa.

Mai riƙe da linzaminsa tana Bodø,
tafiyar kwana biyu a mota,
jirage huɗu a tafin hannunta lokaci guda.
Torunn. Ban taɓa ganin ta ba.
Maganarta kan makara da daƙiƙa ɗaya,
kamar mai tauna zance kafin ta furta.

Sama ba ta ƙara faɗi ba, baƙi ne suka ƙaru.
Ni ke raba ta kamar burodi a gidan yawa:
wannan tsagin na fasinja,
wancan na masu ceto,
siririn yanki can gefen teku na marar matuƙi.

Daren jiya jirgin asibiti ya nemi tashi,
masunci a ciki, zuciyarsa na tuntuɓe.
Na ce, "Torunn, tsaya mini a sama."
Ɗigon ya juya, ya shiga kewaya teku,
zagaye shida, bai yi tsaki ba.
Da Aslak ne, da na sha zagi har kakata.

A zagaye na bakwai layi ya yanke.
Na kira, shiru. Na sake kira.
An rubuta a littafi abin da zai yi in ya rasa murya:
ya koma mazauninsa, ya jira.
Na san shafin, ni na sa hannu a ƙasansa.
Amma sanin shafi daban,
kallon tan biyu na ƙarfe cikin duhu
ba mai jin tsoro a ciki, daban.
Na ƙirga. Goma sha ɗaya.
Ya bi littafin, harafi da harafi.
"Na dawo," in ji Torunn,
na ji numfashinta na rawa kamar nawa.

Ya sauka biyar saura.
Aslak ne ya tarye shi da motar ɗaukar kaya,
aikinsa ke nan yanzu, safe da yamma.
Ya sauke kwalaye, ya loda ƙaguwar da za ta kudu,
ya duba hagu da dama,
ya ɗan bubbuga hancin jirgin sau biyu
yadda ake yi wa dokin wani.

Na danna maɓalli. "Sauka lafiya," na ce.
Ban san wa nake faɗa wa ba.
Daƙiƙa ɗaya ta wuce.
"Ke ma," in ji ta. "Akwai dusar ƙanƙara a can?"